Hangarar da ban samu a littafi ba: yaya ake tabbatar da sabon nau'i?

Ɗan Dundaye:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina aikin digiri na biyu a kan ƙwarin da ke cin furen gero da na wake a gonakin da ke tsakanin Wamakko da Kwalkwalawa. Cikin hangarar da na tattara a watan Satumba akwai wata da ta ƙi shiga ko'ina. Baƙa ce, tsawonta tsakanin milimita 11 da 16. A kan kowane murfin fiffike akwai ɗigo 2 ruwan ɗorawa kusa da kafaɗa, sai ratsi 2 masu lanƙwasa a bayansu. Gaɓoɓin eriyarta na ƙirga 9 a wasu, a wasu kuma kamar 10. Na duba jagororin ganewa da muke da su, na duba hotuna a intanet, ban ga mai irin wannan zanen ba. Samfuran sun haura 20, wasu a soke da fil, wasu a cikin sifirit na kyamis.

Shin wannan ya isa in ce sabon nau'i ne? In bai isa ba, daga ina ake farawa? In kuma ya tabbata sabo ne, ina so in sa masa sunan Sakkwato a cikin kundin digirina. Hakan ya halatta?

Malamin Ƙwari:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah shi yi ma aikin albarka. Bai isa ba, ko kusa. Rashin ganin ƙwaro a littafin da ke hannunka iyakar littafin kawai yake nuna maka.

Ka tuna tsutsar masarar nan da ta ɓulla a Nijeriya a 2016. Manomi bai santa ba, malamin gona bai santa ba, amma Spodoptera frugiperda ce, tun 1797 aka raɗa mata suna daga Amurka. Tsutsar tumatir da ta yi ɓarna a Kano da Kaduna a wannan lokacin kuwa tun 1917 aka bayyana ta daga ƙasar Peru. Don haka ka raba abubuwa uku: wanda ba a taɓa rubuta shi daga Sakkwato ba, wanda ba a taɓa rubuta shi daga Nijeriya ba, da wanda ba shi da suna ko'ina a duniya. Na farko da na biyu sun fi saurin samuwa, kuma su ma sakamako ne mai daraja da ake bugawa a mujalla. Kada ka raina su.

Hangara tana cikin dangin Meloidae, wanda ke da nau'i kusan 3,000. Daga siffar da ka bayar, taka ta fi kama da jinsin Hycleus, mai nau'i fiye da 400. Batun eriya da ya rikita ka tsohuwar matsala ce. A da ana raba waɗannan ƙwari ne da ƙirgan gaɓoɓi: mai 9 a ce Coryna, mai 10 a ce Decapotoma, mai 11 a ce Mylabris. Daga baya aka ga cewa gaɓoɓin ƙarshe sukan manne da juna, ƙirgan ba abin dogaro ba ne, sai aka mayar da Coryna da Decapotoma da akasarin Mylabris na ɓangarenmu na Afirka cikin Hycleus. Ke nan in ka nemi bayani da suna ɗaya kawai, ka bar yawancin abin da aka rubuta a baya. Ka bi duka huɗun. Ka kuma lura ƙarshen suna yakan sauya in jinsi ya sauya: Mylabris oculata ita ce ta koma Hycleus oculatus.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. Hujjarka gaba ɗaya a kan zanen baya take, kuma a wannan dangin babu hujjar da ta fi shi rauni. Cikin nau'i ɗaya, a kan furen kuɓewa ɗaya, za ka samu mai ɗigo 2 a rabe, mai ɗigon da suka haɗe suka zama ratsi, da wadda baƙi ya kusa cinye bayanta duka. Ta ɗaya ɓangaren kuma, baƙi da ruwan ɗorawa ko ja gargaɗi ne ga tsuntsu cewa akwai dafi, shi ya sa nau'o'i daban-daban da ke zaune wuri ɗaya sukan ɗauki zane kusan iri ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Girma ma haka yake. Tsutsar yawancin irin wannan hangara ƙwan fara take ci a cikin ƙasa. Wadda ta faɗa kan babban kunshin ƙwai za ta fito ƙatuwa, wadda ta samu ɗan kaɗan ta fito 'yar ƙarama, alhali uwarsu ɗaya. Tazarar milimita 11 zuwa 16 da ka gani ba ta ce komai ba.

Masana na da sun faɗa wannan tarkon sosai. Maurice Pic na Faransa ya raɗa wa dubban ƙwari suna, da yawa da layi biyu ko uku a kan launi kawai, har yau ana fama da warware su. Akwai yiwuwar ƙwaronka yana kwance ƙarƙashin ɗaya daga irin waɗannan sunayen, ba hoto, ba zane.

Abin da za ka duba shi ne ƙarƙashin ƙwaron. Ka juya shi rigingine ka dubi farantin ƙirji da ke gaban ƙafafun tsakiya, siffar gabansa da gashin da ke kai da yadda gefunan faranta biyu na kusa da shi suke. Ka dubi tsawon gaɓa ta 3 ta eriya in aka gwada da ta 4, da siffar gaɓar ƙarshe. Ka dubi 'yan ramukan da ke kan kai da wuya, manya ne ko ƙanana, a cunkushe ko a warwatse, da launin gashin jiki, baƙi ne ko fari mai ƙyalli. Sai al'aurar namiji, wadda ita ce babbar shaida.

Wajen neman tsofaffin bayanai, kada ka tsaya kan Nijeriya. Ƙwarin Sakkwato na Sahel ne, iyakar Illela da Ƙonni ba ta tare su. Ka nemi duk abin da aka bayyana daga Nijar, Mali, Cadi, Senegal har Sudan. Yawancinsa da Faransanci ne ko Jamusanci ko Latin, kuma da yawa yana nan kyauta a Biodiversity Heritage Library, wani laburaren intanet na littattafan halittu. Ka fitar da jerin sunayen da suka yi kusa da naka, ka nemo asalin bayanin kowanne. Daga nan ka kai samfura gidan adana ƙwari na Sashen Kare Amfanin Gona da ke Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, ko na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, a Ibadan ko Kwatano, ka jera naka kusa da nasu. Mataki na ƙarshe shi ne ganin samfuran tushe, wato ainihin ƙwarin da aka ɗora wa waɗancan sunaye. Mafi yawan na Afirka ta Yamma suna gidajen tarihin halittu na Paris da Landan da Tervuren a Beljiyam. Ana rubuta wa mai kula da sashen a roƙi hoto ta sama, ta ƙasa, da hoton takardun da ke jikin fil ɗin. Farfesa Marco Bologna na Jami'ar Roma Tre a Italiya ya daɗe yana aiki a kan wannan dangin, rubuce-rubucensa su ne wurin farawa.

Uwar Ɗakin Gwaji:

Allah shi gafarta Malam, ka gama magana a kan ganewa. Ni abin da ya tsaya mini a rai yadda samfuran suke a ajiye ne, don in sun lalace babu abin da za a gwada.

Ƙanena, sifirit na kyamis ba ka san ƙarfinsa ba, ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, wani har da rini. Ka samo itanol na ɗakin gwaji. Kashi 70 zuwa 80 cikin 100 shi ne na duba siffa, domin ƙwaro ba ya ƙandarewa a cikinsa. Kashi 95 zuwa sama shi ne na DNA. Itanol ya ninka jikin ƙwaron kamar sau 10, kuma bayan kwana ɗaya ka zubar ka zuba sabo, saboda ruwan jikin ƙwaron yana fita ya sirka shi. Fomalin kuwa kada ya kusance su, yana lalata DNA. Etil asitet da ake sa wa a kwalbar kashe ƙwari yana da kyau ga waɗanda za a soke, amma shi ma yana taɓa DNA. Wanda ka yi niyyar gwadawa ka jefa shi kai tsaye cikin itanol.

Kowane lokaci na shekara a Sakkwato da irin ɓarnarsa. A bazara, da zafi ke wuce digiri 40, itanol yana tsiyayewa ta murfin da bai kama ba, sai ka tarar da busasshen ƙwaro a gindin kwalba. Ka yi amfani da 'yan kwalabe masu murfin murɗawa da zoben roba, ka jera su cikin babbar kwalba da ita ma aka cika da itanol. A damina hunhuna ke hawa busassun samfura. A hunturu kuma bushewa ke yin yawa, eriya da ƙafafu su riƙa karyewa da ɗan taɓi, ga ƙura. Akwatin da ke rufewa ruf da ɗan silika jel a ciki yana maganin hunhuna da ƙura. Kiyashi suna iya cinye cikin ƙwaron da ake shanyawa a dare ɗaya, don haka ka sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa. In ka ga ɗan gari a ƙarƙashin samfuri, ƙwarin nan masu cin busasshiyar fata sun shiga. Ka ɗaure akwatin cikin leda, ka sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako ɗaya, in ka fito da shi kada ka kwance ledar sai ya huce, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan ƙwarin. Inda wuta ba ta tsayawa, ka cire ƙafa ɗaya ka ajiye a 'yar kwalba da silika jel. Haka masu binciken sauro ke ajiye nasu a karkara, kuma DNA yana fitowa.

Wajen sokewa, fil ɗin ƙwari na musamman ne, ba ya tsatsa, lamba 1 ko 2 ya dace da girman naka. Na tela gajere ne kuma yana tsatsa ya fasa ƙwaron. Ka soke ta murfin fiffike na dama, kusa da gaba, ya fito tsakanin ƙafar tsakiya da ta baya. In ka matsa gaba da yawa, fil zai fasa farantin ƙirjin nan da Malam ya ce a duba. Ka bar kamar milimita 10 a saman fil don kamawa. Tun ƙwaron yana da laushi ka ɗan buɗa ƙafafun tsakiya, ka miƙar da eriya. Kada ka manna shi a kati ta ciki. Kada kuma ka shanya a rana, launi yana koɗewa.

Kowane ƙwaro da 'yar takardarsa a jikin fil: ƙasa, jiha, ƙauye, lambobin GPS, ranar kamu, shukar da aka same shi a kai, sunan wanda ya kama, da lambar da babu wani samfurin da ke da ita. Ana rubuta wata da lambar Romawa, kamar 14.ix, don kada a rikita rana da wata. Ta cikin itanol da fensir ake rubuta ta a jefa ciki, biro yana narkewa. Samfurin da ba shi da wannan takarda ba ya zama shaidar komai.

Ka kuma kiyaye jikinka. Hangara tana fitar da wani ruwa ta gwiwoyinta mai ɗauke da kantaridin, shi ke sa fata ta yi bororo. Ka kama da hantsaki ko safar hannu, kada ka murje ta a fata, kada ka taɓa ido. In ta taɓa ka, ka wanke da sabulu nan take.

In damina ta zagayo ka ƙara tattarawa daga wurare masu nisa da juna, kamar Goronyo, Kware, Gwadabawa da Tambuwal, kuma ba a kan gero kawai ba, har furen wake, kuɓewa, yakuwa da duman kada. Waɗanda ka samu suna barbara ka ajiye su tare da lamba ɗaya, su ne ke nuna maka wace mace ce ta wane namiji.

Ɗan Dundaye:

Na gode Malam, na gode Malama, Allah shi saka da alheri. Na juya su na duba, farantin ƙirjin waɗanda zanensu ya bambanta kusan iri ɗaya ne. Abin da ya rage mini shi ne fitar da al'aurar namiji, kuma waɗanda ke kan fil sun riga sun bushe ƙarau. Yaya ake yi ba tare da an farfasa su ba? Sannan in na tura ƙafa aka yi gwajin DNA, ba zai wadatar ba?

Tsohon Ma'aji:

Yaro, wannan aikin hannu ne, kuma ana koyonsa a kan ƙwarin da ba a jin asararsu. Ka fara da hangarar da ka riga ka sani mai yawa, sai hannunka ya faɗa sannan ka taɓa waɗannan.

Ka fara ware maza. A yawancinsu farantin ƙarshe na ƙarƙashin ciki yana da tsaga a bakinsa ga namiji, na mace kuwa a zagaye yake. Busasshe sai an tausasa shi. Ka samu roba mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen rairayi ko auduga, ka ɗiga ɗan itanol don hana hunhuna, ka kafa fil ɗin a kan ɗan soso yadda ƙwaron ba zai taɓa ruwa ba. Ka cire takardunsa tukuna ka ajiye gefe da lambarsa. Kwana ɗaya zuwa biyu ya isa. In ya wuce haka zai fara ruɓewa. Ƙafar DNA kuma ka cire ta kafin wannan matakin.

Da ya yi laushi, ƙarƙashin maikroskof, ka yanke gaɓoɓi 2 ko 3 na ƙarshen ciki da siririn almakashi ko tsinin fil. Za a narkar da naman da ke ciki da fotasiyam haidroksaid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wato giram 10 a ruwan da zai cika mililita 100. Ƙwayoyin ake zubawa cikin ruwa a hankali, domin yana ɗaukar zafi, kuma ka sa tabarau da safar hannu, yana cin fata. Littattafai kan ce a bar shi ya kwana in da sanyi ake yi, amma waɗanda suka rubuta haka ba a ɗakin Sakkwato na watan Afrilu suke ba. Zafi yana hanzarta shi, don haka ka riƙa leƙawa bayan 'yan sa'o'i. In sauri kake, ka tsoma kwalbar cikin ruwan zafi na minti 5 zuwa 10, kada ka ɗora ta kan wuta kai tsaye, tana tartsatsi. In bai ji ba, nama zai rufe abin da kake son gani. In ya ji da yawa, komai zai yi garau kamar leda, ya lanƙwashe, siffarsa ta tafi, kuma ba ta dawowa.

Ka ɗauraye da tataccen ruwa, ka sa ɗigon asitik asid mai rauni don ya kashe ragowar sinadarin, ka sake ɗaurayewa, sannan ka mayar cikin gilisarin. In ka tsallake ɗaurayar nan, sinadarin zai ci gaba da cin samfurin a hankali a inda ka ajiye shi.

Da fil biyu masu siririn baki za ka zare bututun tsakiya na al'aurar daga cikin kubensa. Ka kwantar da shi ta gefe. Kusa da tsininsa za ka ga ƙugiyoyi, galibi 2 a gefe ɗaya da wata a ɗaya gefen. Girmansu, tazarar da ke tsakaninsu, nisan ta farko daga tsini, da yadda suka karkata, su ne ke raba nau'o'in da zanen bayansu ya zo ɗaya. Kuben ma ka zana shi ta gefe da ta ƙasa. A nan ne mutane suka fi yaudarar kansu: in abin ya ɗan mirgina kaɗan, ƙugiya za ta yi kamar ta fi tsawo ko ta fi gajarta, sai mutum ya ga bambancin da babu shi. Ka tokare shi da zaren auduga cikin gilisarin ya kwanta daidai, kowane samfuri a kwanciya ɗaya. Kada ka danne shi da gilashi.

In ka gama, ka sa shi cikin 'yar mitsitsiyar kwalba da ɗigon gilisarin kaɗan, ka soke murfinta a jikin fil ɗin ƙwaron da aka ciro shi. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Ranar da ka jiƙa biyu a kwano ɗaya, ka rasa sanin na wane ne, duka biyun sun tashi daga aiki. Namiji ɗaya kuma ba ya isa. Ka buɗe aƙalla 5, ka haɗa da mafi baƙi da mafi haske, babba da ƙarami, daga wurare daban-daban.

Wajen awo, daga gaban kai zuwa ƙarshen murfin fiffike ake aunawa, ban da cikin da ya leƙo, domin na mace mai ƙwai yana kumbura, na busasshe kuma yana motsewa. Kowane hoto ya zo da layin ma'auni.

Uwar Ɗakin Gwaji:

Game da DNA, ƙanena, yana taimakawa ƙwarai amma ba zai wadatar ba. Abin da ake karantawa wani yanki ne na ƙwayar gado da ake kira COI, mai tsawon harafi 658, hanyar da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003. Ƙafa ɗaya ta isa. Ka cire ta tsakiya ta dama, ka goge hantsaki da itanol ka ƙona bakinsa tsakanin kowane ƙwaro, lambar kwalbar kuma ta zama ita ce lambar da ke jikin fil.

In sakamako ya fito za ka gwada shi da abin da ke BOLD da GenBank, rumbunan intanet da ake tara jerin DNA a cikinsu. Sau da yawa ba za ka samu wanda ya yi daidai ba, kuma a nan ɗalibai ke murna da wuri. Ƙwarin yankinmu kaɗan ne aka taɓa karantawa, don haka rashin dacewa yana iya nufin ba wanda ya taɓa tura wannan nau'in, ko da yana da suna shekara 100. In ma ya dace, sunan da ke kai wanda ya ɗora ne ya rubuta, yana iya yin kuskure. Bambancin kashi 2 cikin 100 da ake yawan ambata ma'auni ne na kusa-kusa, ba doka ba. Sauron zazzaɓi ya ishe ka misali: Anopheles coluzzii sai a 2013 aka ba shi suna daban da Anopheles gambiae, ido ba ya raba su, COI ma ba ya raba su da kyau, sai da wasu sassan ƙwayar gado. Ka kuma fassara jerin zuwa furotin kafin ka yarda da shi. In ka ga alamar tsayawa a tsakiya, wato alamar da ke katse ginin furotin, mataccen kwafin COI wanda ba ya aiki ka karanta. Wani lokacin ma abin da ya fito na bakteriyar Wolbachia ne da ke zaune a jikin ƙwaron.

Inda zai yi maka aiki sosai shi ne tambayar da ke gabanka: masu zane daban-daban ɗin nan abu ɗaya ne ko biyu? Ka tura 2 ko 3 daga kowane zane, maza da mata.

Malamin Ƙwari:

Malama ta yi adalci. A 2021 wasu masana sun raɗa wa nau'i 403 na ƙananan zanzaro daga Kosta Rika suna a mujallar ZooKeys, kusan da jerin DNA da hoto kawai, kuma an yi ta muhawara a kai. Ni ina ganin a dangin da ke cike da tsofaffin sunaye kamar hangara wannan hanyar ba ta dace ba, domin ba ta gaya maka ko Pic ya riga ka.

Saura tambayarka ta suna. Akwai dokar sunayen dabbobi ta duniya, ICZN. Ƙirganta yana farawa daga 1 ga Janairu 1758, shekarar bugu na 10 na littafin Systema Naturae na Linnaeus, masanin da ya kafa tsarin sunayen halittu, kuma bugu na 4 na dokar ke aiki tun 1 ga Janairu 2000. Ginshiƙinta shi ne wanda ya riga bugawa shi ke da suna. In ka raɗa wa abin da ke da suna wani sabo, naka zai koma ƙarƙashin tsohon, ya zama ƙarin kaya ga na baya.

Kada ka sa sabon suna a kundin digiri, ko a Facebook, ko a taƙaitaccen bayanin taro. Kundin da aka ɗaure kwafi kaɗan aka ajiye a laburare ba bugu ba ne a idon dokar. Sunan zai yi ta yawo ba shi da tushe, wani ma yana iya ɗauka ya riga ka. A kundi ka rubuta Hycleus sp. 1, wato nau'in Hycleus da ba a tantance sunansa ba, ka bayyana shi sosai.

In komai ya tabbata, takardar da za ka tura mujalla dole ta ƙunshi waɗannan. Ka faɗa ƙarara cewa sunan sabo ne, da sp. nov., wato sabon nau'i, biye da sunan. Ka rubuta da kalmomi abin da ya raba shi da makusantansa, kana ambaton su da suna. Wannan sakin shi ne zuciyar takardar, in ka kasa rubuta shi to aikin bai nuna ba. Ka ware samfuri ɗaya ya zama holotayif, wanda sunan zai rataya a kansa har abada, ka faɗi gidan da aka ajiye shi. Ka zaɓi namiji cikakke wanda aka buɗe al'aurarsa, a bisa al'ada da jar takarda a fil ɗinsa. Sauran su zama faratayif. Sai cikakken bayanin jiki, iyakar bambancin zane da girma, hotuna, wuraren kamu, da dalilin sunan. In mujallar a intanet kawai take fitowa, tun gyaran 2012 sai an yi wa aikin rajista a ZooBank, rajistar sunayen dabbobi ta intanet, kafin ya fito. Mujallun Zootaxa, ZooKeys da European Journal of Taxonomy duk sun san wannan tsarin.

Sunan Sakkwato ya halatta, sokotoensis zai zama. Kalmar Hausa ma tana shiga, sai dai haruffan Latin 26 kawai ake karɓa, ƙ za ta koma k, ɗ ta koma d. In mutum za ka karrama, namiji ana ƙara i a ƙarshe, mace ae. Mutum ba ya sa sunan kansa, doka ba ta hana ba amma abin kunya ne a wurin masana. Ka duba kada wani ya riga amfani da sunan a cikin Hycleus ko cikin sunayen da aka dawo da su ƙarƙashinsa. In kuma bambancin launi kawai ka samu, babu sunan da za a ba shi, domin duk sunan da aka buga bayan 1960 a matsayin launi ko siffa ta cikin nau'i dokar ba ta karɓarsa.

Holotayif ba ya zama a durowar ofis ko a gida. Wurinsa gidan adana ƙwari na hukuma mai ma'aikaci da ke kula da shi, inda wani masani zai iya zuwa ya gani. Faratayif ka raba su gida biyu ko uku, wasu a Nijeriya wasu a waje, saboda gobara da gara. Kafin ƙwaro ko ƙafarsa ta ƙetare iyaka, ka bi ta jami'arku a nemi izinin hukumomin muhalli na tarayya, a kuma rubuta yarjejeniya da wurin da za a tura. Tun da Yarjejeniyar Nagoya kan amfani da albarkatun halittun ƙasashe ta fara aiki a 2014, manyan gidajen tarihi suna tambayar waɗannan takardun kafin su karɓi samfuri.